Kostik a Idon Auta

Talata, da la'asar, a bencin asibiti

Sun rufe wa Auta idon dama. Na hagun yana nan garau, da shi take harara ta. Ta ce in daina tsayuwa a kanta kamar wadda ta zo gaisuwar mutuwa, shi ne na fito baranda na zauna.

Ruwan kostik ne ya fallatsar mata a ido da safen nan, a ɗakin da muke haɗa sabulu a bayan gidan Baba. Shekara da shekaru ni da ƙanwata muna wannan sana'a, ko ɗan yatsa ba mu taɓa ƙonawa ba sai yau. Bokitin ne ya goce, ko muciyar ce ta suɓuce mata, ban sani ba, na juya baya ina yanka sabulun jiya. Ihu kawai na ji. Tabaran kariyarta yana saman goshi. Ban tambaye ta dalili ba, kuma ba zan tambaya ba.

Likitar ido 'yar gajeruwar mata ce mai saurin magana. Ko suna ba ta tsaya tambaya ba, ta ciro wata siririyar takarda ta taɓa gefen idon da ita. Takardar ta koma shuɗiya mai duhu. Ba sai an fassara mini ba, da irin takardar nan Baba ya raine mu: bakwai ce tsakiya, abin da ya yi ƙasa dangin tsami ne, abin da ya haura dangin toka. Idon ƙanwata ya nuna sha ɗaya. Suka kwantar da ita suna kwarara mata ruwan gishiri, leda ta ƙare a rataya wata, tana kuka tana kiran Umma da ta rasu tun muna 'yan mata.

Da takardar ta sauko kusa da bakwai sai likitar ta juyo gare ni.

"Me kuka fara zuba mata a gida?"

Na ce khal, ruwan tsamin nan na kwalba.

"Khal? Ba ruwa ba?"

"Ruwa daga baya."

"Wa ya zuba?"

Na ce ni ce. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu. 

Laraba, da hantsi

Ba ni ba ce. Bari in faɗa ko a nan ne, in ba haka ba cikina zai fashe.

Baba rabin rayuwarsa a aji ya yi ta yana koyar da kimiyya, kuma da ya yi ritaya shi ya koya mana haɗa sabulu. Jiya da ya ji ihun ya shigo a guje, ni kuwa na riga na kamo wuyan Auta zan tura kanta ƙarƙashin famfo. Sai ya daka mini tsawa: "Kada ki sa ruwa! Kostik in ya haɗu da ruwa zafi yake yi, dafa mata ido za ki yi! Kawo khal!"

Ba ƙarya ya yi ba. Kullum muna jin bokiti yana ɗaukar zafi idan garin kostik ya shiga ruwa. Amma wanda ya shiga idon Auta ya riga ya narke tun da safe, kuma ruwan famfo mai gudu tafiya zai yi da shi har da zafin. Na san haka. Wallahi a lokacin ma na sani. Amma da muryar aji ya yi maganar, muryar da ban taɓa musa mata ba tun ina sa rigar makaranta. Na saki wuyan ƙanwata na tafi neman kwalba.

Kwalbar khal ɗin da muke ajiyewa don goge ɗigon kostik a siminti ba ta wurinta. Na birkice kanta, na zubar da turaren sabulu, na leƙa ƙarƙashin tebur, Auta tana birgima a ƙasa. Da na samo, Baba ya tsaya yana surka shi da ruwa a kofi. Ya zuba mata, ihun ya ninka. Sai a lokacin na ture shi, na ture mahaifina da kafaɗa, na buɗe famfo.

Famfon nan in na miƙa hannu daga inda ta faɗi zan taɓa shi.

Laraba, da yamma

Warin khal bai bar hannuna ba.

Alhamis, bayan azahar

Mijin Auta ya dawo. Direban babbar mota ne, labarin a hanya ya same shi, ya bar kaya a hannun abokin aikinsa ya biyo motar haya. Bai ko wanke fuska ba ya shigo. Ya zauna a gefen gado ya riƙe mata hannu, ita kuma ta hau yi masa tsiya wai yana warin man dizal. Can wata nas mai dogon baki ta gaya masa abin da na gaya wa likita.

A baranda ya same ni. "Yaya, ina ganin girmanki. Amma khal? A ido? Ni da ban yi boko mai zurfi ba, ko ruwan batir ne ya fallatsar mini, ruwa nake nema. Ke 'yar malam guda!"

Na ce masa ruɗewa ce.

"Ruɗewa. To, in idon nan ya tafi, ki san abin da za ki gaya mini."

Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi. Na shanye. Auta ta san gaskiya, amma ta ƙifta mini idonta mai lafiya kawai. Hawan jinin Baba ba ya son hayaniya, mu duka mun sani.

Asabar, da safe

Likita ta ce sai nan da makonni za a san inda aka dosa. Na tambaye ta me ya sa, tunda an wanke, takarda ta nuna bakwai. Ta ce da asid ne, wato dangin tsami, da sauƙi, shi yana ƙona sama ne ya daskarar da wurin, sai ya tare wa kansa hanya. Kostik kuwa narkar da kitse yake yi, yana narkarwa yana ƙara nutsawa ciki.

Na ce mata ai na sani, da shi nake cin abinci. Mai muke zuba masa ya mayar da shi sabulu. Sai da maganar ta fita daga bakina na ji abin da na faɗa, na fita na yi amai a bayan ɗakin magani.

Lahadi, da la'asar

Auta ta ce mini, "Yaya, abin nan fa da alherinsa. Yanzu rabin muninki kawai nake gani." Na yi dariya har da hawaye, ban san daga inda hawayen suka karkata ba.

Baba yana zuwa kullum da hantsi. Ya zauna a kujerar roba, ya gaishe ta, ya ce yaya jiki, ta ce da sauƙi, shi ke nan. Mutumin da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya ba ka tarihin agogo.

Na tuna muna yara, a kan tabarmar cin abinci, yakan zuba gishiri a kofi ya juya, ya ce, "Ina gishirin?" Mu ce ya ɓace. Ya ce, "Bai ɓace ba, rabuwa ya yi. Ƙwayoyi biyu ne manne da juna, ɗaya mai cajin ƙari, ɗaya mai cajin ragi. Ruwa ya shiga tsakaninsu ya janye kowa gefe, kowa na yawonsa." Ya ce mai ƙarfi shi ne wanda yake rabuwa kakaf, kamar kostik, ba ya rage ko ɗaya a manne, duk rundunarsa tana waje tana aiki. Khal kuwa rago ne, 'yan kaɗan ne suke fitowa, sauran suna noƙe. Auta takan ce, "To Baba, Yaya ce khal ke nan," don ba na son wanke-wanke.

Shi ya koya mana cewa khal rago ne. Kuma shi ya aike ni in ɗauko shi.

Talata, da hantsi

An buɗe idon don a duba. Baba ya leƙa, fuskarsa ta saki karo na farko tun ranar. A hanyar fita ya kama hannuna ya ce, "Kin gani? Babu ja ko kaɗan. Fari tas."

Likita ta riga ta gaya mini jiya cewa jan ake so. Ja yana nufin jini na zuwa wurin. Farin nan na gefen baƙin idon jijiyoyi ne da suka mutu.

Na ce masa, "Na gani, Baba."

Laraba, da yamma

Direba ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Abincin da na kawo ya tura shi ƙarƙashin gado, ya fita ya sayo mata burodi da madara.

Alhamis, bayan azahar

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba.

Ana ɗiga wa Auta magunguna iri-iri, wani ma duk awa. Baba ya ɗauki kwalba ɗaya ya sa tabarau ya karanta jikinta, sai na ga ya miƙe zaune. "Wannan ai bitamin ɗin lemo ne. Asid ne fa! Asid suke ɗiga mata." Ya dube ni da wani irin haske a fuska, kamar ɗalibin da aka sake duba takardarsa aka ƙara masa maki. "Kin ga ke nan tunanin bai kauce sosai ba."

Na ce, "Baba, fito waje."

A baranda na gaya masa cewa wannan don nama ya tofo ake sa shi, ba don ya kashe kostik ba. Na ce ido ba kwalbar gwaji ba ce da za a tsaya ana ɗiga tsami har launi ya juya. Na ce ko da khal ɗin ya ci ƙarfin kostik, haɗuwarsu ma zafi take haifarwa, shi da kansa ya rubuta mana haka a allo. Na ce famfo yana nan, Baba, famfo yana nan kusa da mu. Ban san sau nawa na maimaita ba. Mutane suna wucewa suna kallonmu.

Ya cire tabaransa ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce, "Haka ne." Ya tafi neman mota.

Raina ya ɓaci da shi, kuma tausayinsa kamar ya kashe ni. Duka biyun a ƙirji ɗaya.

Juma'a, da safe

Bai zo ba.

Asabar, da hantsi

Bai zo ba. Na kira, ya ce yana nan lafiya, yana ɗan aiki ne.

Lahadi, da la'asar

Na je gidan Baba ɗauko kayan sawan da Auta ta bari a can, na tarar da ƙofar ɗakin sabulu a buɗe. Tun ranar ban taka shi ba. Sabulun da nake yankawa yana nan yadda na bar shi, wuƙar a soke.

Baba yana zaune a kan kujerar Auta, sanye da tabaran kariya da safar hannu. Ya jera farantai a kan tebur, kowanne da yankan nama mai kitse. Ya ɗiga wa kowanne ruwan kostik. Wani ya wanke shi nan take a famfo, wani ya jinkirta, wani ya zuba masa khal tukuna. Da reza yake tsaga su yana duba zurfin inda ya ci.

Na ce, "Baba, me ke nan?"

Bai ɗago ba. Ya nuna mini na farkon da bakin reza. Samansa ne kawai ya yi santsi, cikinsa ja ne lafiyayye. Ya nuna na ƙarshen, ya yi laushi ya koma ruwan toka har tsakiya.

"Na sake, na sake, ko zan sami wata amsa," in ji shi. "Amsar ɗaya ce."

Na ce nama matacce ba ido ba ne, gwajin bai zama hujja ba. Ya ce, "Kada ki yi mini alfarma a kan sakamako. Ban koya miki haka ba."

Na kwashe farantan na zubar. Ya bar ni.

Litinin, da dare

Ya zo yau, cikin fararen kayansa, kamar mai zuwa taron iyayen yara. Direba yana bencin baranda yana ɓare lemo. Baba ya tsaya a gabansa bai zauna ba.

"Ɗana, fushin da kake yi da yayar matarka ka sauke shi. Ita ruwa ta nufa, ni na hana ta. Ni na zuba khal da hannuna. Ta rufa mini asiri ne, ni kuma na bar ta da kayan da ba nata ba."

Direba ya ajiye lemon.  Can ya ce, "Baba, da ka bar ni da fushina a kan Yaya. Ita ina iya yi mata. Kai kuma yaya zan yi da kai?"

Baba ya ce, "Yadda ka ga dama."

Direba bai yi masa komai ba. Ya tashi ya ba Baba wurin zamansa, ya tafi can ƙarshen baranda ya tsaya yana kallon inda ake ajiye motoci. Da yamma ya ci abincin da na kawo, bai ce mini komai ba, ni ma ban nema ba.

Talata, da dare

Baba ya tare likita a hanya. Ina bayansa, na ja rigarsa, ya fizge.

"Likita, tambaya ɗaya. Da an sa ruwa nan take?"

Ta dube shi, ta dube ni, na ga ta gane. "Malam, da ya fi. Wannan ba zan ɓoye maka ba. Amma ko da idon zai tsira, ban sani ba. Na ga wanda aka wanke nan take ya tafi, na ga wanda aka makara ya dawo."

Ya yi mata godiya har da rusunawa. Da muka koma gefe ya ce mini, "Mutuniyar kirki ce. Ta ba ni rabin maki."

Da yamma jininsa ya hau, sai da na kai shi kemis aka auna. An ce ya kwanta, ya daina zaryar asibiti.

Alhamis, da hantsi

Auta ta daina barkwanci. Jiya ta tambaye ni ko na taɓa ganin mai haɗa sabulu da ido ɗaya. Na ce sabulu ba ya ƙirga idon mai juya shi. Ba ta yi dariya ba, ni ma ban ji daɗin maganar a bakina ba.

Ta ce, "Yaya, tabaran nan tururi yake yi mini, ba na ganin ma'auni. Shi ya sa."

Na ce ban tambaye ta ba.

Asabar, da yamma

Litinin za a gwada ko idon yana gani.

Litinin, da hantsi

Likita ta rufe mata idon hagu da tafin hannu. Ta ɗaga yatsu a gabanta ta ce nawa ne. Auta ta yi shiru. Ta matso da su har kusa da hancinta. Shiru. Ta kaɗa hannu. Auta ta ce, "Kin fara?"

Direba ya fita daga ɗakin.

Da aka haska tocila ta ce tana jin akwai haske, kamar fitila a bayan labule mai kauri. Iyakarsa ke nan. Likita ta ce akwai wani aiki da akan gwada in wurin ya lafa, bayan shekara ko fiye, amma kada mu ɗora rai a kai. Baƙin idon ya yi hazo-hazo, wanda bai sani ba sai ya matso zai lura.

An sallame ta. A mota ta kama hannuna da na mijinta ta ce, "Ku ji. Baba za a gaya wa ina gani dishi-dishi, kuma yana dawowa. Wanda ya faɗa masa wani abu daban, ni da shi har abada." Direba ya ce to. Ni ban ce to ba, amma ban ce a'a ba.

Litinin, da la'asar

Mun tarar da Baba a falo, ya shimfiɗa sabuwar ledar tebur, ya dafa shayi da kansa. Auta ta shiga da fara'arta, har da rangaji. "Baba, albishirinka! Ina gani. Dishi-dishi ne, amma likita ta ce kullum zai riƙa ƙaruwa. Ga ka can da tsohuwar hularka da na ce ka jefar."

Ya dube ta, ya dube ni. Na sunkuya ina kwance igiyar jaka.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Alhamdu lillahi."

Ya kai hannu zai ɗauki butar shayin, ta riga shi. "Zauna, Malam. Yau ni zan zuba maka, ka ga aikin ido biyu."

Ta ɗaga butar, ta saita, ta karkata. Shayin ya sauka a kan ledar, ɗan nesa kaɗan da bakin kofin, yana tururi. Ba ta lura ba, tana ta ba shi labarin nas mai dogon baki. Na buɗe baki zan yi magana.

Baba ya miƙa hannu a hankali ya tura kofin ƙarƙashin ruwan. Shayin ya bi ta kan yatsunsa kafin ya sami kofin, tafasasshe, na ga fatar ta yi ja. Bai janye ba. Ya riƙe har kofin ya cika.

"Ya isa haka, Auta," in ji shi. "Kin cika shi daidai."

Ya sha duka. Hannun yana ƙarƙashin tebur har muka tashi.